Allon da Ya Ɓoye Ƙofofinsa: Lacca a Kan Salon Metro na Microsoft

 

A azuzuwanmu na ilimin kwamfuta muna ɗaukar lokaci mai tsawo muna koya wa ɗalibi yadda zai rubuta wa na'ura umarni, amma ba mu cika zama da shi mu duba yadda na'urar za ta bayyana a gaban idon mai amfani da ita ba. A kan wannan zan yi magana yau. Zan ɗauki misali guda in bi shi daga tushe, wato salon zanen da kamfanin Microsoft ya sa wa suna Metro, wanda ya burge jama'a a fuskar waya, sannan ya jawo wa kamfanin ɓacin ran abokan cinikinsa ranar da aka ɗora shi a kan kwamfuta.

Kowace babbar manhaja da ke gudanar da na'ura, Windows ce ko Android ko macOS, tana da fuska, kuma ba da ka ake zana fuskar ba. Akwai kundin ƙa'idoji da kamfani ke rubutawa ya miƙa wa duk mai son gina manhaja a kan tsarinsa. A ciki ake faɗin irin haruffan da za a yi amfani da su, da girman kan magana, da tazarar da za a bari tsakanin abu da abu, da launin gargaɗi, da yadda taga za ta buɗe ko ta rufe. Waɗannan ƙa'idoji su ne yaren zanen tsarin. Amfaninsu shi ne mutum ya koyi abu sau ɗaya, ya yi ta cin moriyarsa a manhaja ɗari. Ku dubi gidan Bahaushe na gargajiya. Baƙo ya zo garin da bai taɓa zuwa ba, ya iso ƙofar gidan da bai taɓa shiga ba, amma yana ganin zaure ya san a nan zai tsaya ya yi sallama, ya san kuma ƙofar da ke can ciki ba tasa ba ce sai an ba shi izini. Ba wanda ya rubuta masa wannan a bango, ginin ne ya gaya masa. Haka ake so allo ya yi wa mutum: ya nuna masa inda zai taɓa, da inda zai koma baya, da abin da ke da haɗari, tun kafin ya karanta kalma ɗaya.

Waɗanda suka fara wannan aiki a cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto a Amurka, matsalar da ke gabansu ita ce ma'aikacin ofis bai taɓa zama gaban kwamfuta ba. Sai suka ɗauko teburinsa suka sa masa a allo. Na'urar Xerox Star ta 1981 ta zo da hoton takarda, da folda, da tiren saƙonni, da firinta. Apple ta biyo baya da Lisa a 1983, sannan Macintosh a 1984, inda Susan Kare ta riƙa zana alamomi a cikin murabba'i mai ɗigo 32 a tsaye, 32 a kwance, baƙi da fari kawai.

Akwai wata ƙaramar dabara ta wancan zamani da nake so ku riƙe, domin duk maganar yau a kanta take. Maɓallin Windows 95 yana da siririn layi mai haske a gefensa na sama da na hagu, da layi mai duhu a ƙasa da dama. Ido yana ganin haka sai ya ɗauka abin ya taso daga allo, kamar haske na dukansa daga sama. Idan ka danna, sai layukan su yi musanya, maɓallin ya zama kamar ya nutse. Da waɗannan 'yan layuka kaɗai na'ura ta gaya maka cewa wannan abin dannawa ne, ta kuma tabbatar maka cewa ta ji dannawarka. A wannan Windows ɗin ne kuma aka kawo maɓallin Start a kusurwar hagu ta ƙasa, bayan gwaje-gwaje sun nuna cewa sabbin masu amfani kan zauna gaban allo su rasa ta ina za su fara.

Da na'urori suka ƙara ƙarfi, sai kwaikwayon kayan zahiri ya tashi daga koyarwa ya koma ado. A shekarar 2000 Apple ta nuna Aqua, mai maɓallai shuɗɗa masu sheƙi kamar ɗigon ruwa. Microsoft ta mayar da martani da Aero a Windows Vista, wadda ta isa hannun jama'a a Janairun 2007, da gefunan tagogi kamar gilashi, ana hango abin da ke bayansu dishi-dishi. Gilashin nan yana cin ƙarfin na'ura sosai. An sayar da kwamfutoci masu yawa da tambarin cewa za su iya ɗaukar Vista, masu saye suka je gida suka tarar ba za su iya nuna Aero ba, har maganar ta kai kotu a Amurka. A ɓangaren Apple kuwa, an kai lokacin da manhajar kalanda take sanye da fata mai ɗinki, manhajar littattafai tana da kantar katako, ta wasanni kuma shimfiɗe da koren ƙyalle irin na teburin caca. Ba abin da fatar nan ke koya wa kowa, wuri kawai take ci.

A wannan yanayi Metro ya fito. An fara ganin alamunsa a Windows Media Center da na'urar sauraren waƙa ta Zune, amma cikakkiyar siffarsa ta bayyana ne a Windows Phone 7, wadda aka nuna wa duniya a Barcelona cikin Fabrairun 2010. Masu zanen sun ce daga allunan tashoshin jirgin ƙasa da filayen jirgin sama da na motocin bas suka ɗauko tunaninsu. Allon tasha ba shi da lokacin ado. Matafiyi yana sauri, jaka a hannu, dole ya fahimci inda zai nufa da kallo ɗaya. Wannan salo na manyan haruffa tsaftatattu, da layuka a jere, da fili mai yawa, ya samo asali ne daga masu zane na ƙasar Siwizalan a shekarun 1950, zamanin da aka ƙirƙiro haruffan Helvetica a 1957. Microsoft ta yi amfani da nata haruffan, Segoe.

Ina cikin masu ganin cewa a waya Metro aiki ne na ƙwarai, kuma zan faɗi dalili. An kwashe sheƙi da inuwa da firam, aka bar rubutu ya yi aikin. Girman harafi ne ke gaya maka me ya fi muhimmanci. Shafin farko ya zama jerin murabba'ai masu launi ɗaya, kowanne yana nuna abin da ke cikinsa: na saƙo yana nuna adadin saƙonnin da ba ka karanta ba, na kalanda yana nuna zaman da ke gabanka, na hotuna yana juya hotunanka. Ba sai ka buɗe ba ka sani. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta kan magana. Sukan rubuta shi da manyan haruffa har ya wuce iyakar allo, a yanke kalmar a gefen dama, a kuma bar ɗan bakin shafi na gaba yana leƙowa. Ido ba ya son kalma yankakkiya, don haka yatsa da kansa yake jan allon zuwa hagu ya ga sauran. An koya maka ja ba tare da kibiya ko bayani ba. Kuma da yake murabba'i mai launi ɗaya ba ya wahalar da na'ura, waya mai araha kamar Nokia Lumia 520 ta 2013, mai ƙwaƙwalwar aiki megabait 512 kacal, tana tafiya sumul. Abin da ya kashe wayoyin Windows ƙarancin manhajoji ne a kasuwarsu, zanen ya yi nasa aikin.

Matsala ta zo ne ranar 26 ga Oktoban 2012, da fitowar Windows 8. iPad ta fito tun 2010 tana cin kasuwa, Microsoft ta tsorata, ta yanke shawarar yin fuska ɗaya da za ta yi wa allon taɓawa da kwamfutar tebur aiki gaba ɗaya. Aka cire maɓallin Start bayan shekara 17 yana wurinsa. Aka maye gurbin jerin da ke fitowa daga cikinsa da shafi mai cike allo na murabba'ai. Sabbin manhajoji suna buɗewa su mamaye allon duka, babu gefen taga, babu alamar rufewa a kusurwar sama. Akanta mai babban allo, wanda ya saba jera tagogi uku yana kwafe lissafi daga wannan zuwa wancan, sai ya ga manhajar duba yanayi ta cinye masa allon gaba ɗaya don ta gaya masa zafin gari.

Mafi muni shi ne ɓoye hanyoyi. Idan kana son bincike ko saituna, sai ka kai kibiyar maus can kusurwar dama, ka jira wani siririn allo ya fito daga gefe. Babu wata alama da ke nuna cewa akwai wani abu a wurin. Kashe kwamfuta kansa ya zama aiki: ka je kusurwa, ka jira, ka zaɓi saituna, ka zaɓi wuta, sannan ka kashe. Abin lura a nan, masu zanen suna da hujja ta ilimi. Tun 1954 masanin halayyar ɗan Adam Paul Fitts ya nuna cewa lokacin da hannu ke ɗauka ya kai ga abu ya danganta da nisan abin da girmansa. A bisa wannan ƙa'ida, kusurwar allo ita ce wuri mafi sauƙin kaiwa da maus, domin duk yadda ka wurga kibiya ba za ta wuce kusurwa ba. Lissafinsu daidai ne ga wanda ya riga ya san akwai ƙofa a wurin. Wanda bai sani ba, sauƙin kaiwa bai amfane shi da komai ba. Ga kuma shimfiɗaɗɗen zanen kansa: da aka kwashe layukan haske da duhu, sai rubutun da ake dannawa da wanda ake karantawa kawai suka zama kama ɗaya. Jakob Nielsen, wanda ya daɗe yana gwada yadda mutane ke amfani da manhajoji, ya zaunar da mutane gaban Windows 8 a wannan shekarar, kuma waɗannan abubuwa biyu, ɓoyayyun hanyoyi da maɓallan da ba a gane su, suna cikin manyan laifuffukan da ya lissafa. Garin neman gira aka rasa ido.

Na sha jin masu sana'armu suna cewa ai mutane ne ba sa son canji, sabo turken wawa. Ban yarda da wannan ba. Sabon da sakatariya ta yi da kusurwar hagu ta ƙasa dukiya ce da ta tara da lokacinta, shekara da shekaru, har hannunta ya daina tambayar ƙwaƙwalwarta. Ranar da kamfani ya ɗauke maɓallin, ita ce ke biyan kuɗin sake koyo, da ita da malamin makarantar da ya riga ya buga takardun darasi, da mai shagon buga takardu da kwastoma ke tsaye a kansa. Duk mai son canja wa mutane abin da suka saba da shi, wajibi ne ya tabbata ribar da za su samu ta fi wahalar da zai ɗora musu.

Microsoft ta ja da baya a hankali. Sunan Metro kansa an daina amfani da shi tun kafin Windows 8 ta fito. Steven Sinofsky, shugaban sashen Windows, ya bar kamfanin a Nuwamban 2012. Windows 8.1 ta dawo da maɓallin a 2013, Windows 10 ta dawo da jerin a 2015, Windows 11 kuma ta yi sallama da murabba'an masu motsi a 2021.

Duk da haka, sauran kamfanoni hanyar Metro suka bi. A 2013 Apple, ƙarƙashin jagorancin Jony Ive, ta fitar da iOS 7, ta kwashe fata da katako da koren ƙyalle, ta koma siraran haruffa da maɓallan da rubutu ne zalla mai launi. Ita ma ta gamu da irin wannan ƙorafi, har ta ƙara wani zaɓi a saituna wanda ke mayar wa maɓallai da siffarsu. Google ce, a ganina, ta fi fahimtar darasin. A Yunin 2014 ta gabatar da Material Design ƙarƙashin Matías Duarte, kuma shi ne tushen fuskar yawancin wayoyin da ke aljihunmu a wannan zauren, ko da Tecno ko Infinix ko Samsung sun ɗora nasu kwalliyar a kai. Google ta ce a ɗauka kowane abu a allo falle ne na takarda, kuma kowane falle yana da tsayinsa daga ƙasa. Inuwa ta dawo, amma da aiki: a tsarin na 2014, zagayayyen maɓallin nan da ke shawagi a ƙasan allo yana da inuwa daidai tsayin awo 6, akwatin da ke tsayar da kai ya yi maka tambaya yana kan awo 24, don haka inuwarsa ta fi faɗi, ido ya san shi ne a sama, shi za a fara amsa wa. Suka kuma ƙayyade cewa duk abin da za a taɓa da yatsa kada ya gaza awo 48 a kowane gefe, wajen milimita 9 ke nan. A 2017 kamfanin Nielsen Norman ya yi gwaji da na'urar bin motsin ido, aka ba mutane shafuka iri biyu, masu bayyanannun maɓallai da masu shimfiɗaɗɗu. A kan shimfiɗaɗɗun, mutane sun ɗauki ƙarin lokaci da ya kai kashi 22 cikin ɗari kafin su sami abin da suke nema.

Abin da ke damuna yanzu shi ne gilashi ya dawo. A 2017 Microsoft ta kawo Fluent, magajin Metro, da wani shafe mai suna Acrylic da ke dusashe abin da ke bayan taga. Sun dai koyi wani abu daga Vista: idan kwamfuta ta shiga yanayin tattalin batir, shafen yana kashe kansa, kuma shafen Mica na Windows 11 launin hoton bango kawai yake ara, ba ya bin duk abin da ke motsi a baya. A Yunin 2025 Apple ta gabatar da Liquid Glass, inda maɓallai suka zama kamar gilashi mai lanƙwasa haske. Ƙorafin da ya fara fitowa shi ne rubutu ba ya karantuwa sosai, kuma cikin 'yan watanni kamfanin ya ƙara zaɓin rage shara-sharar gilashin.

A nan maganar ta shafe mu kai tsaye. Ƙa'idar duniya ta sauƙaƙa shafukan intanet ga kowa ta ce bambancin haske tsakanin rubutu na yau da kullum da bangon da yake kai kada ya gaza 4.5 bisa 1. Idan bangon gilashi ne, ba mai iya tabbatar da wannan adadi, domin abin da ke baya yana canjawa kowane lokaci. Ana zana waɗannan fuskoki a ofisoshi masu labule, a kan alluna masu tsada. Mai amfani da su a Kano ko Maraɗi yana tsaye ne a bakin titi da azahar, rana tsaka, allon wayarsa ya sha ƙura da karce, ya kuma rage haskensa don batir ya kai shi dare. Dattijon da idonsa ya fara rauni yana ƙoƙarin tura kuɗi, siririn rubutu mai ruwan toka a kan fari ya ɓace masa. Idan ya danna inda bai dace ba, kuɗinsa ne ya tafi.

Akwai kuma maganar haruffa. Salon da ya jingina komai a kan rubutu, kamar Metro da 'ya'yansa, yana tsayawa ne ko ya faɗi a kan ingancin haruffansa. Da yawanmu mun ga kalma kamar ƙasa ko ɗalibi ta fito a allo, harafin farko ya bambanta da sauran, ya fi su kauri ko gajarta, ko ma ya zama fankon akwati. Dalili shi ne jerin haruffan da mai zane ya zaɓa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai na'ura ta aro su daga wani jerin. A ƙaramin rubutu ana iya haƙuri, amma a babban kan magana abin yana tsone ido. Akwai magani. Tun Windows 7 Microsoft ta saka jerin haruffa mai suna Ebrima domin harsunan Afirka, wanda baƙaƙensa na boko a kan Segoe aka gina su, Google kuma tana da dangin haruffan Noto da kowa zai iya ɗauka kyauta. Ɗalibin da zai gina wa Hausawa manhaja, kafin ya ƙaunaci wasu haruffa, ya rubuta ƙ da ɗ da ɓ da su, manya da ƙanana, sirara da kaurara, ya gani da idonsa. Ya kuma tuna cewa umarnin da Turanci ke faɗi da gajeriyar kalma ɗaya, Hausa kan buƙaci biyu ko uku, saboda haka maɓallin da aka yanka daidai kalmar Turanci zai guntule tamu.

Wanda kuma zai yi aiki da ajami, nauyinsa ya fi haka. Rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu yana juya fuskar gaba ɗaya: kibiyar komawa baya ta koma kallon dama, jerin zaɓi ya fito daga dama, layin da ke nuna ci gaban aiki ya cika daga dama zuwa hagu. Amma agogo ba ya juyawa, lambar waya ma ba ta juyawa. Kundin Material da na Apple duk sun ware babi a kan wannan, domin Larabci da Farisanci da Urdu sun tilasta musu, kuma ajaminmu zai ci moriyar wannan aiki idan muka samar masa haruffan da ke ɗauke da wasullansa yadda alarammomi ke rubuta su.

Ga masu aikin kammala karatu a bana, ina roƙon ku da abu ɗaya kafin ku kawo mana manhajarku. Ku ɗora ta a kan waya mai araha, ku fita da ita rana, ku miƙa wa wanda bai taɓa ganinta ba, mahaifiyarku ko mai shagon unguwarku, ku ce ya yi rajista ko ya nemo wani abu a ciki. Kada ku ce masa komai, kada ku nuna masa da yatsa. Duk inda kuka ga ya tsaya yana laluben allo, ku rubuta wurin, ku koma ku gyara shi, sannan ku kawo mana takardar tare da aikin.

Nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.